Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa

Sunan kakana aka raɗa mini, shi ya sa tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin kakata ba. Matan zamaninsu ba su faɗin sunan miji, ba su faɗin na ɗan fari, ko da an ɗora musu wuƙa a wuya. Ni kuwa laifina biyu: ina ɗauke da sunan mijinta, kuma ubana ne ɗanta na fari. Idan tana cikin daɗin rai "angona" take ce mini, idan na ɓata mata rai in koma "ja'irin ga". Sauran mutanen gida suka bar ni a "Mai-suna" don kada su ba ta kunya.

Tun ina ƙarami na ɗauki alkawari sai na sa ta faɗi sunan nan. Na taɓa jawo wani abokina mai irin sunana har ƙofar ɗakinta, na ce, "Kaka, wa ya zo gaishe ki?" Ko ɗaga kai daga tankaɗe ba ta yi ba, ta ce, "Takwaranka ne, kuma shi ma da ganinshi ba ya da aikin yi." Da na girma na sayi salula, nakan kira wayar maƙwabta a kai mata, in sake murya in ce, "Hajiya, ko kin gane mai magana?" Sai ta ce, "Na gane, wanda ya ci mani kaza bara bai biya ba." Na yi dabara iri-iri, tsohuwar nan ba ta taɓa zamewa ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gangara. Ni na koma Agiye ina kabu-kabu da moto, wato babur, babana kuma yana Maradi da ɗan shagonsa. Kakana ya daɗe da rasuwa, Kaka ta zauna ita kaɗai a gidan da ya gina, da akuyarta, da itacen bedin da ya dasa a tsakar gida. Babana ya sha lallashinta ta koma wajensa. Sau ɗaya ta je, ta dawo tana cewa ruwan famfo ƙarfe-ƙarfe yake yi a baki, kuma mutanen birni suna kulle ƙofa da rana tsaka kamar masu ɓoyon gawa. Ta rantse ba za ta bar gidan nan ba sai a makara.

Sai ga daminar da ruwa ya ci mu. Gero ya fara fitar da kai, kowa yana murna, aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba har bayan la'asar. Tabkin bayan gari ya cika ya tumbatsa, ya biyo lunguna ya shiga gidaje. Ɗakunan ƙasa suka dinga narkewa kamar sukari a koko. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma ɗakin Kaka ya zauna daɓas, azara da komai. Abin da ta fita da shi akuyarta ce, da wani tsohon gwangwanin madara da take ajiye takardunta a ciki.

Babana ya zo daga Maradi, ya zagaya kufan ɗakin yana girgiza kai. Shi ma ruwa ya shiga shagonsa ya jiƙa kaya, ba shi da halin gini. Ya yanke magana a gaban kowa: bulo dai matasan gari za su buga mata, amma idan ba a samu abin rufi ba kafin a gama girbi, zai zo da mota ya tafi da ita, ba zai bar uwarsa ta ci sanyi a rumfar kara ba. Kaka ba ta dube shi ba, don ɗan fari ba a haɗa ido da shi. Ta juya wajen akuyarta ta ce, "Ke, a gaya ma wancan na Maradi ba ni zuwa ko'ina." Akuya ta ci gaba da tuƙa, babana ya shiga mota ya tafi, amma duk mun san ba wasa yake ba.

Da rana ta fito, gari ya koma shanya. Kowa ya baje takardunsa a kan zana da tabarma, an danne da tsakuwa. Kaka ta buɗe gwangwaninta, ashe ruwa ya shiga ya kwana. Katin iyali, wanda ke ɗauke da sunan kakana a matsayin maigida, ya sha da ƙyar, ana iya karanta shi. Katin shaidarta ma rubutun yana nan, amma hoton ya tafi. Inda fuskarta take sai wani dusu-dusu kamar an shafa toka da ɗan yatsa. Na ɗaga shi sama na ce, "Amarya, wallahi ba ki taɓa yin kyau irin na yau ba." Ta jefe ni da muciya, na kauce.

Ranar kasuwar Gangara, da maza suka watse gari ya zama sai tsofaffi da mata, wasu mutum biyu suka shigo a kan moto. Ni ina Agiye, labari aka ba ni. An ce sanye suke da riguna masu aljihu da yawa, irin na ma'aikatan agaji, ɗaya har da tabarau. Suka bi gida-gida suna jaje, kuma sun iya jaje, har ɗayan ya share ƙwalla a gaban ɗakin Kaka. Suka ce za a kawo tol, wato kwanon rufi, da hatsi ga duk wanda ɗakinsa ya faɗi, amma sai an kai katuna buro, wato ofishinsu, an buga musu hatimi, kafin magariba za a maido wa kowa nasa. Ba su biya ta ƙofar maigari ba, ba kuma wanda ya tambaye su dalili. Kaka da ta ji maganar kwano, nan take ta miƙa katunan biyu. Ta dama musu fura, ta ƙulla musu ƙwan zabi a leda.

Da na zo washegari ta ba ni labari tana washe baki.

Na ce, "Kaka, sun ba ki wata shaida da kika ba su kart?"

Ta ce, "Sun ba ni addu'a."

"Kin san sunansu? Kin san buron da sunka hito?"

"Kai dai baƙin ciki kake don an samu masu ladabin da sunka hi ka. Yaran kirki, har ƙasa sunka gaishe ni."

Magariba ta yi ta wuce, kwanaki suka bi bayanta, ba moto ba katuna. Sai ga masu agajin gaskiya sun aiko ta hannun maigari. Suka ce tun bayan ruwan suka karɓi bayanin gidajen da suka rushe daga wajensa, za a yi rabo a filin lakol, wato makarantar boko ta Gangara, kowa ya zo da katinsa ya nuna a hannunsa ya koma da abinsa. Suka ƙara da cewa su ba su aiki kowa karɓar kati ba, kuma ma'aikacin gaskiya duba kati yake, ba ya tafiya da shi. A ranar Kaka ba ta ci tuwo ba. Ban tsokane ta ba, don na ga yadda take kallon bedin tsakar gida, na ji tausayinta ya kama ni.

Ranar rabon, maigari ya kwashi waɗanda aka yi wa wannan ta'asa suka nufi Gazawa kai ƙara wajen jandarma. Na ce wa Kaka mu kam Gangara za mu, don wanda ya sace kati ba don ya rataya a ɗaki ya sata ba. Ta ce ba ta hawa moto, abin da ba shi da ƙafa huɗu ba abin hawa ba ne. Na ce to ta fara ɗaure kayan Maradi. Ta hau. Tun daga ƙofar gida har Gangara tana riƙe da wuyan rigata tana tsine wa wanda ya ƙera moto da wanda ya koya mini tuƙi.

Filin lakol ya cika da mutanen ƙauyuka daban-daban, ba fuskar da muka sani. Ga buhunan hatsi an jibge, ga kwano yana ƙyalli a rana. Wata matashiyar ma'aikaciya tana zaune a tebur ƙarƙashin gawo, tana kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya, gumi na zubo mata. Tsofaffin mata suka yi layi a inuwa, kowace da katinta ƙulle a bakin zane. Muka rakuɓe kusa da tebur muna jira.

Da aka zo kan ƙauyenmu, ma'aikaciyar ta kira sunan Kaka. Kafin Kaka ta gama miƙewa, sai wata tsohuwa ta fito daga cikin taro, lulluɓe da mayafi, ta ajiye katuna biyu a kan tebur. Na leƙa, ga hoton toka nan da na yi wa ba'a. Tsawonsu ɗaya da Kaka, shekarunsu za su zo ɗaya, duk wanda ya zaɓo ta ya iya zaɓe.

Na daka tsalle na ce, "Madam, wannan kart ɗin na sata ne! Ga mai shi nan tsaye!"

Ma'aikaciyar ta dube ni a gajiye ta ce tun safe take jin irin wannan, kowa da mai kama da kakarsa. Ta ɗaga katin ta dubi hoton, ta dubi tsohuwar, ta dubi Kaka. Hoton nan ko ni na tsaya sai a ce ni ne. Ta ce, "To, abu mai sauƙi. Kayan ga da sunan maigida anka rubuta su. Ke iya da ba ki da kart, mi ne sunan maigidanki?"

Na dubi Kaka, Kaka ta dubi ƙasa.

Shekara da shekaru ina haƙa mata wannan rami, yau ga shi wata ta haƙa mini shi kyauta, a gaban jama'a, kuma ba hanyar kewayawa. Da a ce wata rana ce da na yi rawa. Amma a ranar ban yi murna ba, don na san rufin ɗakinta ne a kan tebur. Na sunkuya na raɗa mata, "Kaka, don Allah, sau guda dai. Ba mai ji sai ita." Ta ture ni da gwiwar hannu.

Na zaro katina na ce, "Madam, sunanshi gare ni, duba nan."

Ta ce, "Ba kai na tambaya ba. Iya, ke nake saurare."

Kaka ta gyara mayafi, ta nuna ni da haɓa ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Sunanshi sunan ja'irin ga."

"Ki hwaɗa da bakinki."

"Ɗiyata, in tol ɗin ga sai da wannan, ki bar abinki."

Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Ma'aikaciyar ta yi ajiyar zuciya, ta juya wajen ɗayar ta yi mata tambaya iri ɗaya. Baiwar Allah nan ko numfashi ba ta ja ba. Ta ɗaga murya ta rangaɗa sunan kakana, ta haɗa da na ubansa, tiryan-tiryan kamar mai biya karatu. Da ta ga ma'aikaciyar ta gyaɗa kai, sai daɗi ya kwashe ta, ta ƙara da sunan babana, ɗan fari, wanda ba a ma tambaye ta ba. An koya mata, ta kuwa haddace.

Ma'aikaciyar ta ɗauki biro za ta sa hannu, sai layin tsofaffin nan ya ɗauki salati. Wata ta dafe ƙirji, wata ta rufe baki da bakin zane, wata ta ce, "La ilaha illallahu, yau mun ga abu!" Wata tsohuwa mai sanda, wadda ba ta san mu ba ba mu san ta ba, ta tako har gaban tebur ta ce, "Ɗiyata, aje alƙalamin ga. Mace mai hurhura ta kira sunan mijinta da na ɗan hwari a tsakiyar maza, ko ido ba ta ƙyafta ba? Wagga ba ta taɓa kai mashi ruwan wanka ba. Wadda ta ƙi hwaɗi, ita ce matar."

Ma'aikaciyar ta tsaya da biro a sama. Ta dubi Kaka, na ga bakinta ya fara motsi kamar mai danne dariya, ta ce ita ma tata kakar har ta rasu "wancan mutum" take cewa. Amma ta ce aiki aiki ne, ba za ta hana mai kati kaya don kawai ba ta da kunya ba.

A nan ne Kaka ta ɗago kai. Ta matsa kusa da matar, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce a hankali, kamar suna hira a bakin rijiya, "'Yar'uwa, kin iya sunan nawa. To naki hwa? Wanda ya kai sadakinki, mi ne sunanshi?"

Matar ta buɗe baki, ta rufe. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Haba ke kuwa, a gaban mutane?"

Filin lakol ya kece da dariya. Tsohuwa mai sanda har da zama a ƙasa tana share hawaye. Ma'aikaciyar ta kifa kai a kan tebur kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na yi ta buga cinya har hulata ta faɗi. Ita matar sai da ta ji dariyar sannan ta gane abin da ta yi, ta tsuguna a wurin ta fashe da kuka.

Cikin hayaniyar aka ji moto ya tashi a bayan katangar lakol. Mai tabarau ne, yana can yana jiran kaya da amalanken haya. Matasa suka bi shi da gudu, ba su samu komai ba sai takalminsa ƙafa ɗaya. Wasu tsofaffi da ya kawo suka fara sulalewa daga layi, aka tare su, aka karɓi katunan ƙauyenmu da ke hannunsu. Ba duka aka samu ba. Wasu mutanenmu sai da suka yi ta zarya Gazawa kafin a sake musu sababbi, kuma tun daga lokacin ko limamin gari ya ce a kawo kati, sai an tambaye shi wa ya aiko shi.

Matar da ta zo da katin Kaka ta ce daga wani ƙauye can wajen iyaka aka ɗauko su, ita ma ruwa ya cinye mata rumbu, aka yi mata alkawarin tiyar gero idan ta haddace sunaye uku. Mutane suka ce a tsare ta har jandarma su zo. Ni ma ina cikin masu cewa haka, har da ɗaga murya. Kaka ta ce a ƙyale ta. Da aka ba mu buhunmu, ta sa na kwance bakinsa, ta cika wa matar mayafi da gero, ta ce ta tafi kafin rana ta faɗi. Na ce, "Kaka, ɓarauniyar taki kike ba tukuici?" Ta ce in rufe mata baki.

Ta rantse ba za ta sake hawa moto ba, don haka na bar shi wajen wani abokina, muka ɗauki amalanken da ɓarawon ya yi haya, tunda mai shi ya riga ya karɓi kuɗinsa. Muka ɗora kwano da buhu, muka zauna a kai, sa yana jan mu a hankali tsakanin gonaki. Ta maida katunanta cikin gwangwani, ta cusa shi cikin zane, ta ɗaure tamau.

Na fara tsokanarta. Na ce saura ƙiris kunya ta kai ta Maradi shan ruwan ƙarfe. Na ce wata ta zo ta kira mata sunan miji a bainar jama'a ta kuma tafi da gero, gobe ma sai ta dawo a ƙara mata. Na jira muciya ko zagi, ban samu ba. Sai kallon gero take yana kaɗawa, har na fara tunanin ko na wuce gona da iri.

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Tun ranar da anka kai shi makwancinshi ban ƙara jin an kira sunan ga da ƙarhi ba. Kowa kunyata yake ji. Kai ma da anka ba ka shi, sai anka ɓoye shi don ni. Yau da matar ga ta hwaɗe shi, sai na ji kamar zai amsa daga bayan katanga."

Duk shekarun nan ina ganin wasa muke ni da ita, ban taɓa kawowa a raina cewa kewar sunan take ba.

Ta ce, "Angona."

Na ce, "Na'am, Kaka."

"Mi ne sunanka?"

Na dube ta ko tsokana ce, na ga ba ita ba ce. Na faɗi sunana a hankali, kamar yau na fara faɗinsa. Mai amalanke ya ƙura wa sansa ido, ya yi kamar bai ji ba.

Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Ban ji ba, tol ɗin ga ya cika ƙara. Sake hwaɗi."

Kwanon ko motsi ba ya yi, don ni na ɗaure shi da hannuna. Na sake faɗa da ƙarfi, na kuma sake, har muka hango bedin gidanta.